Fatakar Cibiya

Shekarar da fari ya cinye mana amfanin gona, har irin shuka sai da muka daka muka sha kunu. Maigidana ya tafi cin rani, shiru babu labari. Ga hadari ya fara haɗowa, gona a share, amma ba ni da ƙwayar geron da zan jefa a rami. Idan ruwan shuka ya wuce ni, to ni da yara huɗu sai dai wani ikon Allah.

Abin da Inna ta bar min fataka biyu ne, tsohon kuɗin nan na sule biyu. Ita ungozoma ce. Ɗaya fatakar ita take ɗaure wa jarirai da tsumma idan cibiya ta bulluƙo, rabin ƙauyenmu sun kwana da ita a ciki, har da ni. Ɗayar kuwa tana cikin batta, sabuwa fil, ban taɓa ganin ta yi aiki da ita ba. Na ce ta battar zan sayar, ta cibiya ko za a mutu ba ta barin hannuna.

Ran kasuwa aka nuna min wani dattijo daga birni, zaune kusa da rumfar maƙera, yana sayen tsofaffin kuɗi yana kai wa masu tara su. Masu tara su fa! Ana yunwa, wasu suna tara kuɗin da ba ya sayen ko ƙuli-ƙuli. Ni kuma ga ni da son jin ƙwaƙwaf. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Alhaji, don Allah me kake leƙawa da wannan ɗan gilashin?"

Ya yi dariya ya miƙo min gilashin da wata fataka. Wayyo, ashe sarkin da ke jikin kuɗin har gashin gemunsa ana iya ƙirgawa! Ya ce abin da ake fara dubawa ke nan, sai ganyen bishiyar da ke baya, sai zanen gefe, sai shekara. Wanda hannu bai cinye ba shi ne mai daraja. Wanda aka huda, ko aka dirje da toka don ya yi ƙyalli, an kashe shi. Wanda ya suɗe kuma ba ruwan masu tarawa da shi, awon azurfarsa kawai ake yi a ba maƙera.

Sai na ji daɗi, na zaro sabuwar na ajiye masa ina hura hanci. Ya duba, gemu lafiya lau. Ya ɗora ta a kan yatsa, ya ƙwanƙwasa ta da wani sule. Ta ce ƙwas, kamar marfin gwangwani. Ya sake, ya kuma aza ta a ma'auni.

"Baiwar Allah, wannan jabu ce. Dalma ce aka yi wa riga."

Na taso masa. "Jabu? Inna tawa ce za ta ajiye jabu a batta?"

"Wataƙila saboda ta sani ne ta ajiye ta," in ji shi, ko ɗaga murya bai yi ba.

 Sai na kwance bakin zanina na fito da ɗayar. Da ya ƙwanƙwasa, ta yi wani kuka siriri mai tsawo, har maƙerin da ke gefe ya waiwayo. Ya juya ta, ya sake juyawa. Bishiya tana nan, amma fuskar sarki ta shafe sumul.

"Na shekara da shekaru ina wannan sana'a, ban taɓa ganin kuɗin da ya suɗe ta gefe ɗaya ba. Me ya ci shi?"

Na ce, "Cikin jarirai." Na faɗa masa yadda Inna take kifa fuskar a kan cibiya, kullum gefe ɗaya. Ya shafa wurin da babban yatsa.

Ya auna ta, ya faɗi abin da nauyinta ya kama. Zai sayi tiya biyu ta iri, ba ƙari.

Na ce, "Alhaji, narka ta za a yi?"

Da ya so sai ya yi min ƙarya, da na ji sanyi. Ya ce, "Narkawa za a yi. Zobe ko warwaro."

Na karɓe ta daga hannunsa, na riƙe ta har ta ɗumama, sannan na mayar masa da kaina. Ya biya ni, na auni geron na ɗauko a ƙwarya. Tun daga kasuwa har gida kuka nake, ina tafe a hankali don kada ƙwaya ɗaya ta zube.