Bayan Yaya Garba da akwatin ƙorafi

Shekara biyar ke nan da muka binne Yaya Garba a nan Doha, mu 'yan kaɗan, kowa da takunkumi a fuska, don korona ce ta ɗauke shi. Ba uwa ɗaya ta haife mu ba. Ɗaki ɗaya muka zauna a unguwar Bin Omran, otal ɗaya muka yi gadi, shi a ƙofar ma'aikata, ni a ɗakin kallon kamara. Ƙato ne, in ya tsaya a ƙofa sai ya cika ta.

A otal ɗin akwai akwatin ƙorafi, wai duk wadda aka taɓa ko aka yi mata maganar banza ta rubuta ta jefa, ba sai ta sa suna ba. To amma ina aka kafa shi? Kusa da ƙofar ma'aikata, daidai ƙarƙashin kamara. Masu otal sun ce kuskure ne. Ni dai har gobe ban yarda ba.

Lokacin kullen korona baƙi suka ɗauke ƙafa, aka fara rage ma'aikata, kowa na tsoron a soke masa biza. A lokacin ne wani manaja ya takura wa Memuna, 'yar Zangon Kumasi da ke sashen wanki. Yau ya tare ta a lungu, gobe ya tuna mata cewa sunayen waɗanda za a sallama a hannunsa suke. Ta faɗa wa Yaya Garba tana kuka. Ni, kunya nake ji in faɗa, cewa na yi a haɗa su a yi sulhu, a rufa asiri. Ya harare ni ya ce, "Sale, asirin wa?"

Ranar da ta zo da takardarta, sai ya taso ya tsaya gaban akwatin kamar yana gyara igiyar takalmi. Washegari manajan ya shigo ɗakina da fara'a, wai in mayar masa da hoton jiya. Na mayar masa. Babu abin da ya fito sai faffaɗan bayan Yaya Garba. Manajan ya ce, "Khalas," wato shi ke nan, ya fita.

An yi bincike, in ji su. Manajan aka mayar wani reshe, har da ƙarin girma. Memuna ta tsira da aikinta tunda ba a gano ta ba. Yaya Garba kuwa aka kai shi ƙofar waje, cikin ranar nan mai ƙona ƙafa, yana auna zafin jikin duk mai shigowa. Ban ce su suka kashe shi ba, ajali ne. Amma wanda ya sa hannu a takardar canjin wurin nasa, na san shi, kuma ban yafe ba.

Da gasar cin kofin duniya ta matso, tabɗi, sai ga sanarwa a bango da harsuna huɗu, ga taron wayar da kai, har da shayi. Akwatin ma ya sha sabon fenti. Da yana raye, na san ba zai karanta sanarwar ba. Zai ɗaga kai ne ya dubi kamarar, wadda ko taku ɗaya ba ta matsa ba, ya tambayi wa ke riƙe da makulli. Ubangidan da yake son jin gaskiya ba ya neman sanin wa ta yi magana kafin ya ji abin da ta ce, kuma ba ya ba abokin wanda ake ƙara makullin.

Makon jiya na ga wata sabuwar ma'aikaciya tana kai da kawowa kusa da akwatin, hannunta a aljihu. Yanzu ni ne a ƙofar ma'aikata, tsohon wurin Yaya Garba. Na taso, sai na tuna ni siriri ne, ba zan tare komai ba. Na kira Habu da Ɗanladi, abokan gadina, na ce, "Yalla, maza, ku zo mu duba takalmanmu." Sai da muka jeru mu uku kafin mu rufe abin da bayansa shi kaɗai yake rufewa. Allah Ya jiƙanka, Yaya. Takardar ta shiga.