Macijin da Baba Stamen Ya Zaɓa

A ƙauyen su Baba Stamen kowane gida yana da macijinsa a gindin murhu, kuma ba a kashe shi, don shi ke riƙe da gidan. Aikin jirgin ƙasa ne ya kawo Stamen birnin Ruse, ya zauna a bene hawa na shida, inda ko ƙadangare babu. Da matarsa ta rasu sai ya ga gidan ya koma kango, ya nufi shagon dabbobi.

Mai shagon ya nuna masa wani siririn jan maciji. "Wannan na 'yan koyo ne, baba. Ba dafi, ba faɗa, ɓera ɗaya a mako. Kuma sai ya shekara ashirin."

Stamen bai tsaya auna nasa shekarun ba, ya ɗauka.

Yanzu ƙafar Stamen ta ƙi. 'Yarsa da ke Jamus ta samar masa gado a gidan tsofaffi, inda ko kyanwa ba a shiga da ita. Shagon ya daɗe da rufewa. In ya saki macijin a bakin kogi, sanyin farko zai kashe shi. Sai ya gangara wurin maƙwabciyarsa Donka, ya roƙe ta ta riƙe masa shi.

"Haba Stamen," in ji ta, "marigayi mijina ma da ƙyar na riƙe, shi da yake da ƙafafu."

Ranar tafiya ya kunna wa macijin fitilar ɗumi, ya cika masa ruwa. Ya bar mabuɗi a ƙofar Donka, ko da yake ta riga ta ce ba za ta hau ta duba shi ba.