Ranar da Na Baro Yayana a Kaduna

Assalamu alaikum Malam Edita, da dukkan masu karatu. Ni dattijo ne, ina zaune a wani ƙauye kusa da Furana a ƙasar Ikara. Na daɗe ina bin labaran da mutane suke aiko muku, yau dai na ce bari ni ma in sauke nawa, ko Allah zai sa wani ya amfana. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya.

A shekarun farko bayan samun mulkin kai ni saurayi ne, gemu bai gama fito mini ba. Gidanmu gidan kiɗa ne tun kaka da kakanni. Mahaifinmu ya rasu ya bar mu mu biyu, ni da yayana, sai mahaifiyarmu da muke kira Inna. Yaya ke waƙa, ni ke kiɗa. Da damina mu ɗauki gangar noma mu bi gayya, da rani kuma in rataya kalangu mu shiga gidajen biki, daga Janfalan har Kudan babu inda ba a san mu ba. Yaya mutum ne mai fara'a, ga murya, ga iya habaici. In ya ga raggon manomi ya maƙale a bayan kunya, zai saka shi a waƙa har shi raggon ya fashe da dariya ya ƙara ƙaimi. Ban taɓa ganin wanda ya yi fushi da shi ba. A lokacin yana da mata ɗaya da 'yar ƙaramar yarinya da ta fara tafiya.

Wata shekara bayan an gama girbi, wani attajiri mai sayen gyaɗa da mazarƙwaila a Makarfi ya aiko a kira mu. Ya taɓa jin Yaya a wani biki. Ya ce jam'iyyarsu za ta yi babban taro a Kaduna, wakilai za su zo daga ko'ina, shi kuma yana neman wata kujera a cikin shugabanni, yana so ya shiga garin da makaɗansa. Ya ɗinka mana riguna da huluna iri ɗaya. Da muka gaya wa Inna ba ta so ba. Ta ce ta ji ana ɗaure mawaƙa saboda waƙar siyasa, kuma ta ga yadda abin ya raba gidaje a nan ƙauyenmu, wa da ƙani ba sa gaisawa. Yaya ya lallashe ta, ya ce ai wannan taron 'yan gida ɗaya ne, jam'iyya ɗaya, babu abokin gaba a wurin. Ni kuwa duk hankalina yana kan in ga Kaduna, domin iyakata Zariya. Na yi ta goya masa baya har ta ce mu je, Allah ya tsare.

A akori-kura aka kwashe mu daga Makarfi, a tsaye, kamar buhunan gyaɗa, muna kiɗa tun daga tasha. Da muka shiga Kaduna sai hannuna ya tsaya a kan kalangu. Ban taɓa ganin mutane haka ba. Ga benaye, ga tutoci a kowane itace, ga motoci da lasifika a kansu suna ta shela, ga mutane suna magana da harsunan da ban taɓa ji ba. Amma murnar ba ta daɗe ba. Garin ya cika ya batse, babu masauki. Shi attajirin ya wuce inda manya suka sauka, mu kuma aka zube mu a wani kango a Tudun Wada tare da wasu talakawa irinmu. Ruwan alwala sai an yi layi a famfo, abinci kuwa ya yi tsadar da sai rogo da ƙuli muka ci muka kwanta. Daga ranar ba mu sake magana da maigidan namu ba sai ta bakin babban baransa, wani dogon mutum mai jan ido wanda ba ya amsa gaisuwa.

Ranar taron, wakilai suka shige cikin babban ɗakin aka rufe ƙofa, mu kuma aka bar mu a fili cikin rana. A nan na gane ashe akwai wani babban mutum daga wani lardi da yake neman kujerar da maigidanmu yake nema, kuma shi ma ya zo da jama'arsa da makaɗansa. Suna can gefe guda, muna nan gefe guda, 'yan sanda ƙalilan a tsakani. Da farko kowa nasa yake yabo. Da hantsi ya yi sai baran nan ya zo ya ja Yaya gefe, ya ce yabo ya isa haka, maigida yana so a taɓa mutumin can. Ya raɗa masa wasu maganganu a kan asalin mutumin da mahaifiyarsa. Ina kusa, na ji Yaya ya ce shi habaicinsa na raggwayen gona ne, bai saba taɓa iyayen mutane ba. Baran ya tambaye shi wa ya ɗinka masa rigar da ke jikinsa, kuma a motar wa yake tunanin zai koma gida. Yaya ya dube ni, na dube shi. Ba mu san kowa a garin ba, ko hanyar tasha ba mu sani ba.

Ya yi waƙar. Allah ya sani ya sassauta ta, bai ambaci uwar kowa ba, amma Yaya ko da sassauci ya yi habaici sai ya shiga. Jama'armu suka ɗauki amshi suna shewa suna nuna ɓangaren can da yatsa. Ban ga wanda ya fara jifa ba. Na dai ji dutse ya fashe a jikin mota, sai wuri ya hautsine. Gora, sanduna, duwatsu, mutane suna tattaka juna, 'yan sanda suna dukan duk wanda suka samu da kulki, sannan suka saki barkonon tsohuwa. Ina murza ido na ga wani ya sauke wa Yaya gora a bayan kunne. Ya faɗi, amma kafin in isa gare shi ya miƙe da kansa yana laluben hularsa. Jinin ma kaɗan ne. Har murmushi ya yi mini, ya ce in duba ko kalanguna bai fashe ba.

Na kai shi inuwar ƙarƙashin motarmu na kwantar da shi. Can sai ya fara amai, ya ce kansa ya yi masa nauyi, yana ganina biyu-biyu. Na roƙi direba ya kai mu asibiti, ya ce ba zai motsa motar ba sai da izinin maigida, kuma ma an tare hanyoyi saboda manyan baƙi. Wata mata mai sayar da lemo a gefen filin, wadda Hausarta ba ta fita sosai, ita ce ta kwance ɗankwalinta ta jiƙa da ruwa ta ɗora masa a kai. Ban san sunanta ba, ban san addininta ba, amma har yau tana cikin addu'ata.

Bayan azahar sai labari ya fito daga cikin ɗakin taro cewa dattawa sun sasanta manyan biyu, an raba musu muƙamai, kowa ya samu. Baran ya zo yana fara'a a karo na farko, ya ce duk makaɗa na ɓangarorin biyu su hallara a bakin ƙofa, manya za su fito. Na ce ba inda za ni, ɗan'uwana ba shi da lafiya. Yaya ya buɗe ido da ƙyar ya kira ni da sunan da yake kirana tun ina yaro, ya ce in je, kada a ce mun ci abincin mutum mun guje masa, kuma in na ga maigida in roƙe shi mota a kai shi asibiti. Na ga maganarsa da hujja, domin babu wata hanyar da zan kai ga maigidan. Na bar shi da matar nan na tafi.

Malam Edita, wannan shi ne abin da ba ya barina. Na tsaya a bakin ƙofar nan ina kiɗa kafaɗa da kafaɗa da mutanen da ɗazu suke dukanmu. Manyan biyu suka fito riƙe da hannun juna, suna dariya, suna ɗaga wa jama'a hannu, manyan rigunansu ko ƙura babu. Ana ta guɗa, wani har ya liƙa mini kuɗi a goshi. Na kutsa cikin mutane har na kai ga tagar motar maigidan, na durƙusa na gaya masa mawaƙinsa yana kwance an fasa masa kai. Ya dube ni kamar yana ƙoƙarin tuna inda ya san ni, ya ce subhanallahi, in ga baransa. Aka ɗaga gilashi, mota ta wuce.

Da na koma na tarar da matar tana yi masa fifita tana kuka. Yana wani irin numfashi kamar minshari, na kira shi, na girgiza shi, bai amsa ba. Ita ce ta samo wani mai amalanke, muka ɗora shi muka tura ta cikin lunguna, domin manyan tituna motocin manya sun cika su. Ina gudu ina riƙe da kansa don kada ya riƙa bugun katako. Mun isa ƙofar asibiti rana tana shirin faɗuwa. Ma'aikacin da ya fito ya taɓa wuyansa, ya ɗaga fatar idonsa, sannan ya ce mini in yi haƙuri.

Na so in kawo shi gida. Na nemo baran na roƙe shi har da hawaye a ba mu ko lungun motar ne. Ya ce motar da za ta koma da mutane suna murna ba za ta ɗauki gawa ba. Ya ƙara da cewa maigida ya ce tunda an riga an sasanta, ba a son tayar da magana, duk wanda ya tambaya in ce daga mota ya faɗo. Washegari da sassafe suka tafi suka bar ni. Limamin wani ƙaramin masallaci a Tudun Wada, tsoho mai kirki, shi ya tara maƙwabtansa. Wani tela ya ba da likkafani, suka yi masa wanka, muka sallace shi. Mutumin da in ya ɗaga murya a gona ake ji daga ƙauye zuwa ƙauye, sahun jana'izarsa bai cika ɗaya ba, kuma ni kaɗai na san sunansa a cikinsu.

Wani direban motar kananzir ya rage mini hanya zuwa Zariya, sauran kuma na haɗa da ƙafa da roƙon masu mota. Kafin in iso labari ya riga ni, an ce daga mota ya faɗo. Na tarar da matarsa ta yi kuka har muryarta ta dushe, yarinyar tana ta bin mutane da kallo. Inna tana zaune a bakin ɗakinta, ba ta kuka. Na durƙusa a gabanta. Ta tambaye ni ko an yi masa wanka yadda ya kamata, na ce an yi. Ta tambaya ko an sallace shi, na ce an yi. Sannan ta tambaye ni ko ina tare da shi lokacin da hankalinsa ya gushe, ko ya bar wata magana. A nan na gaya mata komai, har da gorar, har da kiɗan da na je na yi. Ta ce Allah ya jiƙansa, in tashi in sha ruwa. Har ta bar duniya ba ta taɓa ɗora mini laifi ba, ba ta kuma sake yi mini maganar ranar ba. Da ta zage ni, ina jin da ya fi mini sauƙi.

Bayan sadakar bakwai attajirin ya aiko da buhun gero da gaisuwa, shi bai zo ba. Inna ta ce a bar buhun a zaure. A nan ya zauna har ɓeraye da kaji suka ƙarar da shi. Da zaɓe ya zo mutumin ya ratsa ƙauyenmu da wasu sababbin makaɗa, mutane suka fita kallo. Ni tun daga lokacin na bar kiɗa, na koma noman rake, na riƙe 'yar Yaya har na aurar da ita. Bayan wasu shekaru na koma Kaduna don in ziyarci kabarinsa, na tarar maƙabartar ta cika, limamin ya rasu, babu wanda zai nuna mini wurin.

Abin da na koya shi ne, masu neman mulki ba su cika yin gaba ta har abada ba. Suna ɓatawa da safe su shirya da yamma, su ci abinci a faranti ɗaya, su haɗa 'ya'yansu aure. Wanda ya zubar da jininsa a kansu shi da iyayensa ne kaɗai suke ɗauke da abin. Ban ce kada a yi siyasa ba, ni ma ina jefa ƙuri'ata. Amma ina jan kunnen samari, musamman namu na ƙauye da ake kwasa a mota zuwa manyan taruka: kada ku je garin da ba ku san kowa ba bisa alkawarin mutumin da bai san sunanku ba, kada ku zagi iyayen wani don a yaba muku. In kuma ɗan'uwanku ya samu duka a ka, ko yana dariya, ko ya ce muku lafiyarsa ƙalau, kada ku saurare shi, ku ɗauke shi ko a baya ne ku nemi asibiti.

Roƙona ga masu karatu na Kaduna, duk wanda hanya ta bi da shi ta tsohuwar maƙabartar Tudun Wada, ya taimaka ya yi wa mutanen cikinta addu'a baki ɗaya. Yayana yana cikinsu, ni dai ban san ta ina ba.