Shayin Hajiya da Jinin Ƙanwata

Cikin ƙanwata yana wata bakwai likita ya ja fatar idonta, ya ce jininta ya yi ƙasa, in bai hau ba kafin haihuwa akwai matsala. Tun daga ranar barci ya ƙaurace mini.

Muka dawo da ita gida Mandawari, wurin kakarmu Hajiya. Hanta, zogale, alayyahu, wake, ba abin da ba mu ɗura mata ba. Hajiya kuwa mutuniyar Barno ce, ba a ɗauke kwano a gabanta sai butar shayi ta hau wuta. Baƙi wuluk, mai kauri, da kanumfari da cittar da ake sayo mata a kasuwar Kurmi. Da hannunta take miƙa wa ƙanwata kofi tare da ƙwayar asibiti: "Kora da wannan, 'yar nan, ki ji ƙarfi."

Muka koma awo, jini yana nan inda yake. Innalillahi! Na hau likita da faɗa, na ce maganinsu ne na banza. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Malama, me take sha bayan abinci?"

"Shayi mana."

Ya dafe kai. Wai baurin nan da ake ji a harshe wani sinadari ne a ganyen, yana kama abin da ke ƙara jini a abinci da magani, ya hana jiki ɗauka. Bai ce ta daina ba, tazara kawai za ta bayar tsakanin shayin da abinci ko magani.

To wa zai faɗa wa Hajiya? Yayyena maza duk suka zame, aka bar ni, mai bakin da ba ya shiru.

Da na faɗa mata, ta kalli butar. "Wato ni nake shanye mata jini?"

Na rantse ba haka nake nufi ba. Butar ba ta ƙara hawa wuta ba, ko don kanta, ga ciwon kan rashin shayi ya sa ta a gaba.

Jinin ya ɗan motsa, amma lokaci ya ƙure. Ranar da naƙuda ta tashi aka ce a nemo jini a ajiye. Ina ta kiran 'yan'uwa a waya, sai ga Hajiya da sandarta a ƙofar ɗakin gwaji, tsohuwar da ko allura ba ta yarda da ita ba. Ta janye mayafi, ta miƙa wa ma'aikacin hannu.

"Ɗan nan, ɗebi nawa ka mayar mata."