Yarinyar da ke cikin Yaya

Yayata takan wayi gari wata rana ba ita ba. Mace mai 'ya'ya uku, malamar firamare, sai ka ji tana magana da muryar ƙaramar yarinya, ta raɓe a bayan ƙofa tana tsotsar yatsa. In ta dawo hayyacinta, ba ta tuna komai. Mu a gidanmu na Ƙofar Rini ba mu tsaya dogon tunani ba, muka ce aljana ce ta shige ta.

An yi hayaƙi, an sha rubutu, shiru. Daga ƙarshe Inna ta kira wani mai ruƙiyya, irin masu zuwa da tsumagiya. Ni aka sa na danne ƙafafun Yaya, don ni ce mai ƙarfi, kuma ni ce mai bakin cewa aljanar nan ta raina mu.

Ya yi karatu, ya tsula wa Yaya ɗaya a baya, ya tambayi aljanar ko ita wace ce. Muryar nan ta fito tana rawa.

"Shekarata bakwai. Don Allah kar a ruhe ni ɗaki, na wanke kwanukkan."

Wace aljana ce ke wanke-wanke? Ya ɗaga hannu zai ƙara, na saki ƙafafun na kwanta a kanta. Ya daka min tsawa, wai ina kare shaiɗaniya. Na ce ya doke ni in ya isa. Har yau ina jin kunyar ɗayar nan da na bari ta sauka.

Na kai Yaya wurin likitar ƙwaƙwalwa, Inna na biye tana faɗa, wai zan ja a ce muna da mahaukaciya. Sai da muka yi ta zarya kafin likitar ta zaunar da mu. Ta ce ciwo ne sananne. Yaron da ya sha azabar da ta fi ƙarfinsa, hankalinsa kan rabu, wani ɓangare ya riƙe azabar ya tsaya a shekarun, sauran ya ci gaba da girma. Duka ba ya korar komai, tsoro yake ƙarawa. Maganin shi ne zama da magana a hankali, kuma zai ɗauki lokaci. Sannan ta tambayi Inna ina Yaya take lokacin da take shekara bakwai.

Inna ta daɗe tana murza bakin mayafinta.

"Ni nik kai ta riƙo," ta ce. "Sau biyu tana gudowa gida, ina maishe ta."