Motar da ta ƙi ɗaukar Baba

Jama'a, yau duk faɗin Gombe babu mai mota kamar tawa! Ja wur, ƙofa biyu, ƙugi kamar zaki. Na saye ta hannun Baturen kamfanin auduga da zai koma ƙasarsu. Ƙarin albashin nan na kuɗin man fetur ya yi rana!

Ban zame ko'ina ba sai Tudun Wada. Shekara biyu ke nan ciwon gwiwa ya hana Baba zuwa masallacin Juma'a, na kuma yi masa alkawari duk ranar da na yi mota ni zan kai shi. Na tarar da shi a zaure, tun hantsi ya sha farar babbar riga da turare.

Ashe kujerar motar tana can ƙasa kamar tabarma! Ya sunkuya, gwiwa ta ƙi. Ƙanena Sale ya kama, na kama. Sau uku! Baba har da hawaye. Muna cikin haka muka ji an tayar da salla.

Ya shafa rufin motar a hankali, ya ce a mayar da shi ciki.

Na ce, "Baba, ba ka ce komai ba."

Ya ce, "Allah ya sa albarka, Garba. Ta yi kyau. Ƙuruciyarka ka saya wa, ba tsufana ba."