Tauraron da Baba ya gane da ilimin maƙera

Jiya bayan magariba aka ɗauke wuta, na hango wani ɗan tauraro fari mai shuɗi-shuɗi, da ƙyar ake ganinsa. Sai Baba ya faɗo mini a rai.

Maƙeri ne a garin Sheda, tun babu labarin kafa birnin tarayya kusa da mu. Na ƙi zugazugi na tafi kwalejin horon malamai, ya daina doguwar magana da ni.

Da na zo hutu, na nuna masa irin wannan tauraron. Na ce, "Baba, wancan ya fi rana girma da zafi, nisa ne ya dusashe shi. Jajayen taurari ba su kai shi zafi ba."

Na zaci zai ce boko ya taɓa ni. Sai ya yi dariya.

"Wannan ka je koyo? Ai ja farkon zafi ne. Sai ƙarfe ya yi fari yake kama ɗan'uwansa. Matso, malam, faɗa mini sauran."

Kiran isha ne ya tashe mu. Har ya rasu ban gama faɗa masa ba. Allah ya jiƙansa.

Ku fa, wace hira ce ba ku ƙarasa da iyayenku ba?